Yadda Ake Zaɓen Madabod da Sauran Kayan Haɗa Kwamfutar Gem

Yawancin masu son haɗa kwamfutar gem da hannunsu daga madabod suke fara cefane, domin shi ne babban allon da komai ke maƙalewa a jikinsa, kuma shi ya fi ɗaukar ido a hoto. Ni a ganina an faro abin daga wutsiya ke nan. Madabod ba ya ƙara wa gem gudu. Ka ɗauki furosesa ɗaya, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin girafik ɗaya, wato mai zana hoton da ke fitowa a monita, ka gwada su a kan allo mai tsada, ka sake gwadawa a kan matsakaici, bambancin da za ka gani bai taka kara ya karya ba. Aikinsa ya karɓi kayan da ka zaɓa, ya ba su wuta yadda ya kamata, ya kuma ba ka ƙofofin da kake buƙata. Saboda haka a wannan jerin shi ne na huɗu, ko da yake a kansa za mu fi daɗewa, don nan ne ake yawan sayen abin da bai dace da sauran kaya ba.

Mataki na farko: wane gem, a kan wace monita?

Kafin ka duba farashin komai, rubuta sunayen gem uku ko huɗu da ka san su za ka riƙa bugawa, sannan ka tsayar da monitar da za ka yi amfani da ita. Monitar 1080p tana da ɗigon hoto kimanin miliyan 2, ta 1440p kimanin miliyan 3.7, ta 4K kuwa kimanin miliyan 8.3. Wato 4K ninki huɗu ne na 1080p, kuma katin girafik ne zai ɗauki wannan nauyi a kowane hoto da ya zana.

Irin gem ɗin ma yana da ta cewa. Na gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant ba su da nauyin zane sosai, masu buga su hotuna da yawa a daƙiƙa suke nema, 144 ko 240, kuma a nan furosesa ce ke shan wahala. Manyan gem masu labari da faɗin duniya irin Cyberpunk 2077 kuwa kati suke matsewa. Idan ka san ɓangarenka, ka san inda kuɗinka zai fi zuba.

Mataki na biyu: katin girafik

Shi ne ya cancanci kaso mafi tsoka a kasafinka, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan rabi. Kamfanoni uku ne ke ƙera ƙwaƙwalwarsa: Nvidia mai GeForce RTX, AMD mai Radeon RX, sai Intel mai Arc.

Ban da ƙarfinsa, ka lura da girman ma'adanar da ke jikin katin. A yau 8GB na iya 1080p, amma sababbin gem sun fara cika ta, hoto ya riƙa sarƙewa ko zanen bango ya fito dishi-dishi. Mai nufin 1440p ya nemi 12GB zuwa 16GB. RTX 5070 na da 12GB, Arc B580 ma haka, RX 9070 XT na da 16GB. Akwai tarko a nan: RTX 5060 Ti da RX 9060 XT kowannensu ya fito iri biyu, mai 8GB da mai 16GB, suna ɗaya, kwali kusan iri ɗaya. Karanta lambar da kyau kafin ka biya.

Da zarar ka tsayar da kati, rubuta abu uku game da shi a takarda: tsawonsa da milimita, yawan wutar da yake ja, da irin soket ɗin wutar da ke jikinsa. Za mu buƙace su a gaba.

Mataki na uku: furosesa, wadda ita ke yanke maka soket

Don gem kawai, furosesa ta zamani mai ƙwaya 6, wato sassa 6 masu aiki a lokaci ɗaya, ta wadatar, irin Ryzen 5 7600, Ryzen 5 9600X ko Core i5-14400F mai manyan ƙwaya 6 da ƙanana 4. Mai neman ƙarshen gudu ya dubi masu X3D na AMD, wato 7800X3D ta 2023 da 9800X3D ta ƙarshen 2024. Sirrinsu ƙarin ma'adana ce da aka ɗora a cikin furosesar har ta kai 96MB, abin da ke rage mata zirga-zirgar ɗauko bayanai daga RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gem kuma na son haka ƙwarai. Masu ƙwaya 12 ko 16 na masu tace bidiyo ne da makamantansu. Idan ba ka wannan aikin, mayar da rarar kuɗin kan kati.

Kowace furosesa da gidan da take zama a jikin allo, wato soket, kuma ba ta shiga na wata:

AM4 na AMD ne, tsoho, yana ɗaukar Ryzen har zuwa jerin 5000, da RAM ɗin DDR4. Yana da sauƙin kuɗi, sai dai ya zo ƙarshen hanyarsa.

AM5 ya fito a 2022, yana ɗaukar Ryzen 7000, 8000 da 9000, DDR5 kaɗai yake karɓa. AMD ta ce za ta ci gaba da fitar masa da furosesa har 2027 da bayanta, don haka mai tunanin sauya furosesa nan gaba ba tare da taɓa allo ba, nan ya fi masa.

LGA1700 na Intel ne, na zubi na 12, 13 da 14. Allunansa kashi biyu ne, masu DDR4 da masu DDR5, da wuya ka samu mai karɓar duka biyun.

LGA1851 shi ne na Core Ultra 200S da suka fito a Oktoban 2024, DDR5 kaɗai.

Harafin ƙarshen suna yana da ma'ana. A Intel, K na nufin ana iya ƙara mata gudu da hannu, F kuma na nufin ba ta da girafik na cikin gida, in babu kati ba za ka ga komai a monita ba. Wanda zai sayi manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 ko 14 ya san cewa an yi fama da matsalar yawan wutar da ke lalata su a hankali. Intel ta fitar da gyara a 2024 ta hanyar sabon BIOS, wato manhajar da ke cikin allo mai tayar da kwamfuta, don haka sabunta BIOS wajibi ne a kansu tun ranar farko.

Mataki na huɗu: madabod

Yanzu da ka san soket, rabin allunan kasuwa sun fita daga lissafinka. Saura a tace su ɗaya bayan ɗaya.

*Cifset.* Wannan ƙaramin guntu ne a jikin allo da ke ƙayyade yawan ƙofofi da abin da aka yarje maka ka taɓa. Shi ne lambar da kake gani a sunan allon. A AM5 akwai A620 a ƙasa, B650 da B850 a tsakiya, X670 da X870 a sama. A LGA1700 akwai H610, B760 da Z790. A LGA1851 akwai H810, B860 da Z890. Ga mafi yawan masu gem, na tsakiya mai harafin B shi ne daidai. A ɓangaren AMD, B650 da B850 suna barin ka ƙara wa furosesa gudu da RAM duka. A ɓangaren Intel, B760 na barin ka ɗaga gudun RAM, amma ƙara wa furosesa gudu sai allon Z haɗe da furosesa mai K. Sayen Z790 don a ɗora masa i5-14400F asarar kuɗi ce tsagwaronta. Ka kuma yi hattara da B840: sunansa ya yi kama da B850, amma a zahiri ɗan'uwan A620 ne.

*Girma.* ATX milimita 305 ne da 244. Micro-ATX 244 da 244. Mini-ITX 170 da 170, gurbin RAM biyu kacal, gurbin kati ɗaya, kuma ga tsada saboda matse kaya a ƙaramin fili. Mutane na raina micro-ATX suna ganin ƙaramin allo ne, alhali kati ɗaya za ka saka, zamanin haɗa katuna biyu ya wuce. Sau da yawa shi ne ya fi dacewa da aljihu. Ƙaramin allo na shiga babban akwati, babban allo ba ya shiga ƙarami.

*Sashen wutar furosesa.* Dubi hoton allon, gefen hagu da saman soket. Za ka ga jerin ƙananan dunƙulallun abubuwa masu kusurwa huɗu, su ne ke sauke wutar bolt 12 da ke shigowa zuwa ɗan abin da furosesa ke sha, bolt ɗaya da 'yan kai. Ana kiran sashen VRM. Abin da za ka duba da ido shi ne ko an rufe shi da ƙarfe mai kauri mai tsage-tsage don shanye zafi, ko kuwa tsirara yake. Furosesa mai wat 65 ba ta damu sosai ba. Amma Core i9-14900K na iya jan wat 253, in ka ɗora ta a kan allo mai tsiraicin VRM, sashen zai ɗau zafi, allon ya rage mata gudu don ceton kansa, ka ga ka biya kuɗin gudun da ba za ka taɓa samu ba. Kada yawan lambobin wannan sashe da ake bugawa a kwali, 16+2 ko 20+1, su ruɗe ka. Bayan wani mataki ba sa ƙara wa mai gem komai.

*Gurbin kati da na SSD.* Gurbin sama, mafi kusa da furosesa, nan ne gidan katin girafik. Ana kiran irin wannan gurbi PCIe. PCIe 4.0 mai layi 16, wato hanyoyin bayanai 16, na ɗaukar kusan 32GB a daƙiƙa, 5.0 ninkinsa, kuma sabo da tsoho suna aiki da juna. A katunan yau ratar da ke tsakanin 4.0 da 5.0 a gem ƙanƙanuwa ce, ba dalilin ƙarin kuɗi ba ce. Inda abin ke ciwo shi ne ɗora kati mai layi 8 kacal, irin RTX 4060 ko RX 7600, a kan tsohon allo mai PCIe 3.0. Gurbin M.2 kuwa, inda ake saka SSD, wato ma'adanar da gem da fayiloli ke zama, ka nemi aƙalla biyu, uku ya fi, domin gem ɗaya yanzu na iya cin fiye da 100GB. Sauke littafin allon daga shafin kamfanin ka karanta shafin da ke bayanin gurabe. A wasu alluna, da ka saka SSD a gurbi na biyu ko na uku sai wasu ƙofofin SATA, waɗanda ake jona ma'adana mai waya a kansu, su mutu, a wasu ma gurbin kati ne ke komawa layi 8. Ba a rubuta wannan a gaban kwali.

*Ƙofofin baya da na ciki.* Ƙirga abin da za ka jona: kibod, maus, abin kunne, makirufo, kyamara, hannun gem. Ƙara biyu a kai. Adadin USB ɗin da kake buƙata ke nan. Allo mai arha galibi a nan yake tsuke hannu. Idan akwatinka na da USB-C a gaba, tabbatar allon na da mahaɗarsa a ciki, in ba haka ba ƙofar ado ce kawai. Ƙirga mahaɗan fanka ma. Masu son fitilu su kula: akwai mahaɗa mai tsinke 3 ta bolt 5, akwai mai tsinke 4 ta bolt 12. Ka cusa fitilar bolt 5 a ta 12, nan take za ta ƙone. Batun intanet, waya ta fi Wi-Fi kwanciyar hankali a gem na gasa, kuma yawancin allunan tsakiya na zuwa da ƙofar 2.5Gb. In babu halin jan waya, sayi allo mai Wi-Fi a jikinsa, yana zuwa da Bluetooth, wanda hannun gem ke buƙata.

*Abu biyu da na fi ba wa muhimmanci fiye da ado.* Na ɗaya, maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. Amfaninsa: allon B650 da ya daɗe a ɗakin ajiya tun kafin fitowar Ryzen 9000 ba zai gane ta ba, haka allon B660 da furosesar zubi na 14. Da wannan maɓalli, filashi kawai za ka tsara a tsarin ajiya na FAT32, ka zuba fayil ɗin, ka jona wuta, ka danna. Babu shi, sai ka aro tsohuwar furosesa. Na biyu, ƙananan fitilu huɗu a gefen allo masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wato furosesa, RAM, kati da ma'adanar da kwamfuta ke tashi daga ita. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, wadda ta tsaya a kunne ita za ta nuna maka inda matsalar take.

Idan na hannu za ka saya, buɗe murfin soket ka haska da tocilan waya a karkace. A AM5 da duk na Intel, tsinkayen a jikin allo suke, 1,700 ko fiye, sirara, duk sun kwanta a jere cikin tsari. Haske zai bi kansu bai-ɗaya. Duk inda ka ga wani ɗigo ya yi ƙyalli daban ko ya yi duhu, tsinke ne ya lanƙwashe. Ajiye shi ka yi gaba.

Mataki na biyar: RAM

16GB shi ne mafi ƙaranci, 32GB shi ne kwanciyar hankali. Sayi sanda biyu a kwali ɗaya, kada ka sayi ɗaya babba, domin biyu na buɗe hanya biyu tsakanin RAM da furosesa. A allo mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. A AM5, DDR5-6000 mai CL30 (6000 gudunsa, CL30 jinkirin amsawarsa) shi ne wanda aka fi samun daidaito da shi. A DDR4, 3200 ko 3600.

Kada ka ce bari in sayi biyu yanzu in ƙara biyu baɗi. DDR5 ba ya son sanda huɗu, sau da yawa dole gudun ya sauka kafin kwamfutar ta zauna lafiya. Kuma DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi.

Mataki na shida: ma'adana

NVMe, wato SSD mai shiga gurbin M.2, mai 1TB ko 2TB, girman 2280. Na PCIe 4.0 na kaiwa kusan 7,000MB a daƙiƙa, SATA kuwa iyakarsa kusan 550. Na 5.0 ya fi gudu a takarda, ya fi zafi da tsada, a buɗe gem kuma da ƙyar ka ji bambanci. Wuce shi.

Mataki na bakwai: na'urar wuta, mai rarraba wa duk kayan kwamfuta wuta

A nan ne mutane ke huce haushin kuɗin da suka kashe a sama, su ɗauki mafi arha. Araha ba ta ado. Wannan ce na'ura ɗaya da in ta lalace za ta iya tafiya da allo da kati gaba ɗaya.

Ɗauko takardar nan da ka yi rubutu. Haɗa wutar kati da ta furosesa, ƙara kamar wat 100 na sauran kaya, sannan ka bar sarari na kusan kashi 30 cikin 100 a sama, domin katuna kan yi fizgar wuta ta ɗan lokaci fiye da abin da aka rubuta. Misali RTX 5070 wat 250 yake ja, Nvidia ta ba da shawarar na'ura mai 650. RTX 5090 na jan 575, shawarar 1000 ce. Ga matsakaiciyar kwamfuta, 650 zuwa 750 ya isa.

Tambarin 80 Plus, Bronze ko Gold, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta a matsayin zafi ne kawai, ba shaidar inganci ba ce. Abin da ya fi nuna inganci shi ne tsawon garanti, masu kyau na ba da shekara 7 zuwa 10, da kuma gwajin masu buɗe na'urar su auna cikinta. Idan katinka na amfani da sabon soket mai tsinke 16, wanda ake kira 12VHPWR ko 12V-2x6, nemi na'urar ATX 3.0 ko 3.1 mai wayarsa kai tsaye. Wayar nan na ɗaukar har wat 600 ta ƙaramin baki, kuma an sha samun ta narke, musamman inda ba a tura ta ta shige duka ba. Tura ta har ka ji ƙas, ka duba ta gefe kada a ga rata ko ta kaurin farce, kuma kada ka lanƙwasa ta dab da bakin. Wani gargaɗin: wayoyin da ake cirewa a jikin na'urar wuta ba a musayarsu tsakanin na'urori. Bakin na iya shiga daram, amma jerin wutar ciki daban, SSD ya ƙone a banza.

Mataki na takwas: sanyaya da akwati

Wasu furosesoshi, kamar Ryzen 5 7600, na zuwa da fankarsu. Yawancin masu X, X3D da K ba sa zuwa da ita. Fanka mai hasumiyar ƙarfe ta ishi kusan kowace furosesar gem. Mai ruwa na da amfani ga masu jan wuta sosai, ga sauran kuwa yawanci sha'awa ce. Yawancin fankokin AM4 na hawa AM5, na LGA1700 kuma na hawa LGA1851.

A akwati lamba uku za ka gwada: girman allon da yake ɗauka, iyakar tsawon kati, da iyakar tsayin fanka. Manyan fankoki na kai milimita 165, ba kowane akwati ke rufuwa a kansu ba. Gaba mai raga ya fi gaba mai gilashi shan iska.

Mataki na tara: tantancewa kafin biya

Zuba jerin kayanka a shafin PCPartPicker, zai nuna maka saɓanin soket, RAM da girma. Kada ka tsaya nan. Shiga shafin kamfanin allon, duba jerin furosesoshin da yake ɗauka da lambar BIOS ɗin da kowace ke buƙata, sannan ka duba jerin RAM ɗin da suka gwada a kansa. Rashin ganin naka a jerin ba ya nufin ba zai yi aiki ba, ganinsa dai ya fi kwantar da hankali.

Mataki na goma: tashin farko

Kafin ka ɗaure komai a akwati, ɗora allon a kan kwalinsa ka gwada shi a waje. Daidaita ƙaramar alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da ta jikin soket, ka sauke ta a hankali ba tare da dannawa ba. Ɓare ledar da ke manne a ƙasan fanka kafin ka ɗora ta, ana yawan mantawa da ita. Jona babbar waya mai tsinke 24, da mai tsinke 8 ta furosesa a saman allo, kada ka rikita ta da mai 6+2 ta kati. Wayar monita a jikin kati take shiga, ba a bayan madabod ba.

Idan ka kunna ka ga fitilar DRAM ta tsaya, monita baƙi ƙirin, kada ka yi saurin kashewa. Allunan DDR5, musamman AM5, kan ɗauki 'yan mintuna a tashin farko suna gwada RAM.

Da ka shiga BIOS, kunna saitin gudun RAM, EXPO in AMD ce, ko XMP in Intel ce, in ba haka ba RAM ɗin da ka saya a matsayin 6000 zai tsaya a 4800 ko kusa da haka. Kunna Resizable BAR, saitin da ke buɗe wa furosesa duk ma'adanar kati, wanda katunan Arc ba sa sakin jiki sai da shi. Tabbatar saitin tsaro na TPM 2.0 na kunne, fTPM ake kiransa a AMD, PTT a Intel, tare da Secure Boot, shi ma na tsaro, domin Windows 11 na neman TPM, gem irin Valorant kuma ba ya buɗewa a kan Windows 11 sai da su biyun. Sai ka adana saitin, ka kashe wuta, ka duba cewa ƙusoshin tagullar da allo ke zama a kansu a cikin akwati sun yi daidai da ramukan allonka ɗaya bayan ɗaya, ka cire duk wanda ya yi rara kafin ka ɗaure.